Salsalar Agugu

Baba Sallau na kasuwar Sabon Gari
ya naɗe min saiwar agugu a tsohuwar jarida,
ya ce, "Jiƙa ki sha kafin karin kumallo,
tsila ba za ta kwana ba."
Ban ce masa cikina lafiya lau ba.
Asalin maganin nake nema.

Ɗanyensa sai a tsagar dutsen Kufena,
inda ruwan Agusta ke tsattsafowa.
Ba fure, ba 'ya'ya,
sai ɗigo-ɗigo a bayan ganye
kamar tsagar gado a kuncin tsohuwa.

A Samaru muka niƙe shi a ɗan turmin tangaran.
Sau uku aka ɗauke wuta.
Ladidi ta kwana gadin firij,
kunnenta na kan tarin janareto.

Cikin ganyen akwai 'yan madafai kore
inda ake girka hasken rana.
Kowace madafa da littafinta,
a lanƙwashe kamar warwaro,
ba bango, ba shafin ƙarshe.
Haruffa huɗu ne kacal,
ana ta jujjuya su har dubu ɗari da hamsin.

Wata biyar muna jira.
Ran da na'ura ta zana bishiyar dangi
sai ga namu a wani reshe daban,
ba inda muka yi masa shimfiɗa ba.
Wanda ke cikin jarida da wanda ke kan dutse
ashe 'yan uwa ne na nesa,
rabuwarsu ta girmi ganuwar birni,
ta girmi bakin da ya fara cewa Zazzau.

Na koma na faɗa wa Baba Sallau.
Ya kore ƙuda daga kan tsimi,
ya ce, "Mai ciwon ciki ba ya tambayar kakan magani."
Can kuma ya ce, "To wanne ne nawa?"

Abin da ya hana ni barci daban ne.
Littafin nan ta wajen uwa ake gadonsa,
uwa daga uwa, ba a tsallake ko ɗaya.
Ni kakannin ubana bakwai na haddace.
Ta wajen Inna kuwa:
Kande, sai Marka,
sai wata da ake ce wa Ta-Gabas,
daga nan shiru.

Gobe zan tafi Tudun Wada da biro.
Inna na da sauran ji a kunnen dama.