Zauren Jira

Asuba a Kushiro, sanyi har cikin ɓargo.
Mu goma sha ɗaya a kan gada, kafaɗa da kafaɗa,
kowa ya kafa kyamararsa bisa ƙafa uku,
numfashi yana daskarewa a gashin ido.
Can ƙasa kogi na tururi kamar tukunyar da aka buɗe,
gauraki a tsaye cikinsa, kowanne kan ƙafa ɗaya.

Ɗaya ya miƙe wuya. Ban jira ba.
Na danne maɓalli na ƙi ɗagawa,
tar-tar-tar-tar, ashirin a daƙiƙa guda,
kamar ƙanƙara a rufin kwano.

To ita kyamara akwai zaure a cikinta,
ɗan ƙarami, hoto hamsin da biyu yake ci.
Nan suke tsugunawa kafin kati ya ce su shigo,
shi ko kati ƙofarsa siririya ce,
ɗai-ɗai yake karɓa, ba ya gudu don kowa.

Ko daƙiƙa uku ba a cika ba, zaure ya cika maƙil.
Tar. Tar.
Shiru.
Jar fitila tana ƙifta min ido.

Sai a lokacin rana ta leƙo ta bayan itatuwa,
tururi ya koma ruwan zinariya,
biyu suka fuskanci juna, suka buɗe fikafikai,
suka daka tsalle, baki sama,
kukansu ya tsaga sanyin gida biyu.
Ina danna, ina danna, kamar mai ƙwanƙwasa gidan da ba kowa.
Lamba a gefen madubi tana rarrafe:
saura gurbi ɗaya. Biyu. Ɗaya.

Kusa da ni tsoho Kuniharu
ya danna sau ɗaya, ƙas.
Ya numfasa. Ya ƙara, ƙas.
Ya zuba shayin sha'ir a murfin fulas ya miƙo min.
"Chizuru, sha tun da zafinsa."
Bai ƙara ko kalma ba, ni na faɗa wa kaina:
sauri ya haifi nawa.

Da dare na baje su a kwamfuta.
Hamsin da biyu, duk tsuntsu ɗaya
yana sosa wuya da baki.
Na goge hamsin da ɗaya.

Na ƙarshen na bari.
A can gefen hagu, dishi-dishi,
bakin fiffike ya fara ɗagawa,
bai fi faɗin yatsa ba daga ruwa.
Sauran yana wurina, inda babu kati.