Takalmin Ciki

Wata bakwai kacal da na sa sababbi,
rasit ɗin yana nan a aljihun ƙofa,
amma tun ranar Talata 'yar motata ke kuka
in na gangaro daga Cerro Cordillera,
kukan ƙarfe kan ƙarfe,
irin wanda ke tsaya wa mutum a haƙori.

Valparaíso ba ta san shimfiɗaɗɗiyar hanya ba.
Ko dai kana hawa,
ko kana riƙe kanka kada ka zarce teku.

Don Hermógenes ya ɗaga ta a jak,
ya kwance tayar hagu bai ce uffan ba,
rediyonsa na ta ihun ƙwallo a kan durom.
Ya zaro takalman birki guda biyu,
ya ɗora mini a tafin hannu.
Na waje da kaurinsa, kamar yankan burodi.
Na ciki ya koma ɓawon albasa,
ya cinye ta gefe ɗaya, ya karkace
kamar dunduniyar takalmin mai raba wasiƙu.

Na ce, jabu aka sayar mini ke nan?
Ya girgiza kai. Ya ce, kwali ɗaya suka fito,
rana ɗaya na ɗaura su da hannun nan.
Sai ya ɗauko guduma, ya doka, ya sake dokawa,
da ƙyar wata ƙusa mai tsawon yatsa ta fito,
jawur da tsatsa.

Ya ce, Nélida, ga mai laifin.
Aikinta ta riƙa zamewa gaba da baya
don su raba nauyi su biyu.
Roba ta tsage, iskar gishiri ta shiga, ta ƙame.
Duk sanda kika taka, na ciki kaɗai ke amsawa,
ko kin ɗaga ƙafa ba ya hutawa, yana nan yana goga.
Na waje kuwa ba mugunta ya yi ba.
Saƙon ne ba ya kai masa.

Na tsaya da abin a hannu, baƙin ƙura na ɓata mini yatsu.
Sau uku a rana nake hawa tudun nan:
ƙarfe shida, ƙwayar hawan jinin Baba,
tsakar rana, romon kifi, in ya yarda ya buɗe baki,
da dare in juya shi, in sauya zanin gado.
Anselmo yana can Calama wajen haƙar tagulla.
Kuɗinsa ba sa makara.
Ranar Lahadi yakan kira ya ce, yaya jikin tsoho?
In ce, da sauƙi.
Ke fa?
In ce, lafiya lau.
Shekara huɗu ina shafa wa ƙusar nan gishiri da bakina.

Don Hermógenes ya goge ta, ya cika ta da giris,
ya jefa takalman biyu a bokiti.
Na ce, har mai kaurin?
Ya ce, har shi. Ba a canza ɗaya a bar ɗaya.
Kuma in za ki gangara, ki sa giya ta biyu,
ki bar inji ya taya ki riƙo.
Ba komai ne ƙafa za ta ɗauka ba.

Na sunkuya na tsamo siririn daga bokiti,
na naɗe shi a tsohon rasit.

Da yamma na tsaya a ƙofar Baba,
na karkatar da taya ta jingina da dakalin titi.
Can ƙasa jiragen ruwa sun fara kunna fitilu.
Yau Alhamis ce, ba Lahadi ba.
Na danna lambar Anselmo.
Tana shiga.