Gonar da Ba Shinge

Bayan isha'i a Jega
nakan rufe shagon cajin waya,
janareto bai gama shan mansa ba,
sai in buɗe manhajar.

Gona ce da ba shinge,
mai fartanya duk ya shigo.
Kunyata gajera ce:
ƙugiyar harafi da na'ura ke haɗiyewa,
ta mai da baƙi baki.

Sau uku aikin ya dawo.
Wani can ƙetaren teku,
ban san fuskarsa ba,
ya ce layi na tara ya karkace.
Gaskiyarsa.

Daren Laraba aka karɓa.
Ba kwabo, ba tuwon gayya.
Inna Tumba ta ce, "Nawa suka biya?"
Na buga sunan jikarta, Ɗayyiba,
ƙugiyar ta fito tsaf.
Ta ce, "To, kashe injin."