Sunan da Ke Cikin Gyambo

Sau uku na kankare bakin gyambon Sambo Gajere,
sau uku na shafa a gilashi, na ɗiga shuɗin rini,
na duƙa kan madubi har wuyana ya sage.
Ba kowa. Fili fetal,
kamar kasuwar Mai Wurno ana tsakar huɗuba.

Gyambon kuwa yana nan a ƙwaurinsa,
baki a tashe kamar murhu, tsakiya a jiƙe,
wata bakwai ke nan,
tun ranin da ya yi gadin kankana a bakin Nilu
yana kwana bisa yashi,
inda ɗan ƙudan nan marar kuka ke fita da magariba
ya ratsa gidan sauro ba sallama.

An barbaɗa garin bagaruwa.
An ɗiga ruwan batir, Allah ya shirya mai shawarar.
Ya ce, "'Yar nan, in ba ki gani ba, ko dai babu?"
Na ce, "Baba, don ɓarawo ya iya ɓuya
ba a cewa ba a yi sata ba."

Sai na tsinko tsoka kamar ƙwayar riɗi,
na rufe a 'yar kwalba,
na binne cikin ƙanƙara a fulas ɗin shayin innata,
na damƙa wa yaron motar Wad Madani
da roƙon kada ya buɗe don Allah.

Can akwai injin da bai fi akwatin rediyo ba.
Shi ba gangar ƙwaro yake nema ba, sawu yake bi,
zaren halittar da aka bari cikin nama.
Ya ɗumama, ya huce, ya sake ɗumamawa,
ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu,
har raɗa ta koma ihu.
Ikhlas ta ce wuta ta ɗauke a zagaye na sha tara,
ta zauna a duhu tana tsine wa janareta,
da asuba ta faro daga fari.

Ran Talata waya ta yi ƙara.
Hoto ne baƙi ƙirin, sai ɗan layi guda
kamar hasken da ke leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa.
Ga shi nan, har da sunan danginsa,
sunan da likita ke jira kafin ya zaɓi magani.

Na fita da takarda ina cigiyar Sambo.
Aka ce ya bi masu yankan riɗi zuwa Gadarif,
ya naɗe ƙafar da tsumma,
wai yunwa ba ta jiran sakamako.

Na kira, ba sabis. Na sake kira.
Gilasan nan uku suna kan teburina, ban wanke ba,
ina hararar su
kamar shaidun da suka yi gum a gaban alƙali.
Gobe zan kira da asussuba,
kafin ya ɗauki lauje.