Gindin Tsamiyar Haladu

Ran kasuwar Sara, bayan la'asar,
bi ta layin 'yan gawayi,
hanci zai riga ƙafa isa:
fetur, baƙin mai, ɗanyen garin katako.
Nan Haladu ke shimfiɗa buhu
ya baje hanjin injinan yankan itace,
mahaucin da wuƙarsa sifana ce.

Na kawo nawa a kafaɗa, tsohon ƙarfe,
shekara tara yana cin marke da kanya,
yanzu sai na ja igiya sau ashirin
ya yi tari biyu ya koma barci.

Haladu bai dube ni ba, inji ya duba.
Ya kwance fulogi ya murza a yatsa.
"Baƙi ƙirin. Wa ke haɗa maka mai?"
Na ce ni.
"Da murfi kake aunawa ko da ido?"
Mati Dogo ya tuntsire da dariya,
shi da kafiretarsa ke jiƙe a gwangwanin madara
tun waccan kasuwa.

"Ringi ne," in ji Mati.
"Fistin ne," in ji Ɗanliti daga kan babur.
"Matatar iska ce, ku bar mutum ya ji da kunnensa."
Haladu ya hura ta, gari ya tashi,
na gane ƙanshin:
ɗorawar da muka kayar a bakin rafi bara.

Sai Ɗanliti ya zaro nasa daga buhu,
ɗan ƙarami, ja, bai kai ɗan akuya nauyi ba,
sabo fil daga Ƙofar Ruwa.
"Ɗan Caina!" Mati ya tofar da yawu,
"damina ɗaya, ka kai wa 'yan gwangwan."
"Naka fa, mai sha kamar raƙumi a bakin rijiya?
Kuloci ya mutu, sai an yi aike Legas.
Nawa, kayansa har a teburin mai faci."
"Harshe taƙi biyu! Me zai yanka, rake?"

Baba Sallau na gefe da magagari,
yana bin sarƙa haƙori ɗaya-ɗaya.
Inji ya cinye masa kunnen hagu,
sai ya yi magana da ƙarfi kamar mai kiran shanu:
"Ba inji ake tambaya ba, kafaɗa ake tambaya.
Ɗaga shi ka ƙirga hamsin,
in hannu bai yi rawa ba, naka ne.
Ka gwada birkin sarƙa kafin ka taya.
Ni na raina shi."
Ya ɗaga hannu, yatsu huɗu da guntu.
"Kuma ina itacen da za a yi wa babban inji?
Daga nan har gindin dutse
sai darbejiya da reshen mangwaro.
Mun cinye su, yara. Mu muka cinye."

Ba wanda ya tanka.
Magagari kawai ke cewa ƙurus, ƙurus.

Can sai ga yaron Alhaji Nababa mai filin:
"Shaguna za a gina nan.
Wa zai kayar da tsamiyar nan? Kuɗi hannu."

Muka ɗaga kai gaba ɗaya,
kamar yau muka fara ganinta.

Mati ya nuna gwangwanin madara.
Ɗanliti ya mayar da nasa buhu:
"Ɗan Caina ne, rake yake yanka."
Baba Sallau ya juya masa kunnen hagu.
Saura nawa, da ya riga ya warke.
Ina kallo Haladu ya zura fulogi a aljihu:
"Wannan sai kaya sun zo daga Kano.
Wata uku, ko ya fi."

Na kama hanyar gida da magariba,
inji a kafaɗa, ya ragu da nauyin fulogi ɗaya,
tsamiyar da na tsinta a kan buhun Haladu
tana kashe mini haƙora har ƙofar gida.