Tukunya a But

Ranar da kuɗin sallamata suka faɗo,
bayan wata tara ana ce mini gobe,
ban nufi gida ba, Mando na wuce,
inda Mudi dillali ke gyangyaɗi a inuwar motocin mutane.
Ya daki bayan wata tsohuwa ruwan toka,
ya ce, "Malam, wannan ta tuba daga fetur."
Ya ɗaga but, sai ga tukunya kwance,
fara, doguwa, an ja mata ɗamarar ƙarfe biyu
kamar ragon da za a kai Zariya a bayan babur.
Na ce, "Buhun masara fa, ina zan sa shi?"
Ya ce, "A cinyar wanda ka rage wa hanya."

Albarka, albarka, har la'asar ta yi sanyi.
Sannan ya sallama.

Ishaya na Panteka ba ya sayen bakin dillali.
Ya kaɗa sabulu a gwangwanin madara,
ya bi gaɓoɓin bututu ɗaya bayan ɗaya da kumfa,
yana kasa kunne, yana baza hanci,
har wani wuri ya kumburo kamar idon kwaɗo.
"Ka gani? Ta nan take satar numfashi."
Ya ɗaure da sifana, ya karɓi dubu huɗu,
ya ce in dawo duk wata uku, ko tana lafiya lau.

Da asuba sai ta kurɓi fetur tukuna,
irin tsohon da ba ya amsa gaisuwa sai ya sha shayi.
In jini ya tsinka, wajen gadar Kawo,
maɓalli ya ce ƙyas, jar fitila ta koma koriya,
muryarta ta sauka ƙasa-ƙasa.
A hawa tana ɗan nishi, 'yan bas su wuce suna hon.
Su wuce.
Shekara talatin da biyar ina koyar da lissafi,
na san abin da ke saura a aljihu ran Juma'a.

Maƙwabcina Tanimu ya janye bencinsa daga katangata,
wai na ajiye wa layi ajali.
Inna Kande ta leƙa but sau ɗaya, ta ja baya:
"Ni ba ruwan tuwo ba ce, balle a ɗora ni kan gas."

Ba duk daɗi ba ne.
Mai famfon da ya dace da bakinta
sai ka tsallake kogi, ka miƙi hanyar Kachia.
Nakan tsaya a layi da mata masu tukwanen girki,
mu ɗaga kai tare mu dubi allon farashi,
mu sauke tare.
Wata ta ce, "Ku ne kuka sa ya hau,
kun ɗora motoci a kan murhunmu."
Ban sami amsa ba har na iso Unguwar Dosa.

Sai makon da gidajen mai suka ja ƙofa,
layi ya kwana uku, galan ya zama zinariya.
Ƙarfe biyun dare aka buga mini taga.
Tanimu ne, ba hula, takalmi wari da wari,
Ladidi na durƙushe a zaure, faya ta fashe.
Ɗan kurɓin da nake tattali don tashin asuba
shi ya tashe ta.
Kafin mu fita layi ta ce ƙyas.
Tanimu na baya, riƙe da kan matarsa,
ƙeyarsa taki ɗaya daga tukunyar,
bai ko waiga ba.

Namiji ne. Na ci naman suna.

Benci ya dawo, amma ba duka ba,
saura kamu uku tsakaninsa da katanga,
kuma in zai kunna taba, bakin kwata yake komawa.
Inna Kande har yau keke take tsarewa,
ina binta a baya a hankali
da ƙullin kayanta a kujerar gaba.