Direban da Ke Saukowa Shi Kaɗai

Shekara sha tara ina hawan dutsen nan,
jif ɗina tsohuwa tana tari tana nishi,
baƙi takwas a baya, jakunkuna a bisa,
kowa da hular kwanonsa, kowa da yarensa.
In mun kai ƙoli su shimfiɗa lema kan ciyawa,
su ruga, ƙasa ta sake su,
ni kuwa in juya kan mota
in gangaro Roldanillo ni kaɗai,
daga ni sai kukan birki
da carbin Amparo yana lilo jikin madubi.

Na san kowane rami a hanyar nan,
na san kwanar da ke cin taya,
da inda karen Fidencio ke tare mota.
Sama kam ban san ta ba.
Nakan ce, wanda ya raba wa tsuntsaye fiffike
ai ya ga Evelio, ya miƙa masa sitiyari.

Sai ga Marleni, 'yar cikina,
da ta fara da naɗe lemar baƙi a filin sauka
ana ba ta canjin sayen mazarƙwaila,
yau ita ke koyar da sababbin hannu.
Ta zare makulli ta jefa wa yaron mota.
"Baba, kwarin nan da safe mai haƙuri ne,
ko ɗan koyon jiya ba ya kunyata shi.
Sai la'asar iskar teku ke ƙetaro dutse da faɗa,
kafin nan mun sha kofi a gida."

Ta ɗaure ni, cinya da ƙirji,
ta ja, ta ƙara ja,
ta bi igiyoyi ɗaya-ɗaya kamar mai tsifar kitso.
Gwiwata ta ce a fasa.
Bakina ya ce to.

"Kada ka zauna, kada ka yi tsalle,
yi ta gudu ko da ƙasa ta ƙare."
Lema ta miƙe bayanmu, fuu,
ta fizge ni, na turje kamar sa da garma,
taku uku, taku huɗu,
na biyar na taka babu.

Shiru.
Abin da ba wanda ya gaya mini ke nan.
Ba inji, ba giya,
sai igiya tana fito ƙasa-ƙasa.
Rake kore shar har iyakar gani,
kogin Cauca kwance kamar rawanin da aka warware,
hasumiyar coci ba ta fi tsinken ashana ba.
Can ga jif ɗina, buzuzu a kan zare,
yaron nan ya shiga kwana da gudu.
"Rage giya, ɗan nema!"
Marleni ta yi dariya har lema ta girgiza.

Ta karkata hagu, ta bi ungulu uku.
Ungulu ba ta jewar banza, haka ne,
amma ba mushe ta hango ba,
ɗumin da gona ke hurawa sama ta samu,
muka shiga layinta muna kewaya,
cikina ya sauka, mu muka hau.

Na hango farar katangar maƙabarta.
Ban ce komai ba.
Na ji gwiwar yarinyar ta matse haƙarƙarina.
Ita da na ɗauka a wuya ranar kasuwa
tana riƙe kunnuwana kamar linzami,
yau tana bayana kamar da,
sai dai ita ke ɗauke da ni.

Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.
Ta ce in miƙe tsaye, na manta,
na dira da mazaunai cikin karan rake,
yara suka sheƙo naɗe lema suna ƙyaƙyata.
Na laluba aljihu na ba ƙaramarsu canji.

Gobe da asuba zan duba mai da ruwa,
in kwashi takwas in kai su ƙoli.
Sai dai Fidencio ya ɗaure karensa,
don idon direba ya koyi kallon sama.